Ranar da Na Kai Galadima Gonar Alkama

Ba zan taɓa mantawa da wannan safiya ba, kuma ko da na so in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba. Har gobe akwai dattawan da in muka haɗu a kasuwar Kura ba sa kirana da sunan da ubana ya raɗa mini, sai dai su ce, "Direban Galadima, yau ina aka yi da lodi?" Sai in yi murmushi in miƙa hannu mu gaisa. Me zan ce? Ni na ja wa kaina.

A cikin shekarun tamanin ne, lokacin da aka matsa wa kowa ya noma alkama da rani. Ina saurayi, ina aikin buɗe ƙofar ruwa a ɗaya daga cikin ƙananan kanal da ke raba ruwan madatsar Tiga zuwa gonaki. Aikin ba shi da wuya. Kowane layin gonaki yana da ranarsa. In ranarku ta zo, in je da sassafe in murɗa ƙarfe in sako muku ruwa, ku kuma ku sa bututun roba ku ja zuwa cikin gonakinku. Shi ya sa ake ce mini Mai Ruwa. Firamare kawai na gama, amma ina da keke, ina da agogon hannu, ina kuma da baki (wannan na ƙarshen shi ya fi yawa).

Wata rana shugabanmu ya kira ni ofis, na tarar da wani tsohon Bature da matarsa a zaune. Ya ce baƙi ne, yawon buɗe ido suka zo, tsuntsaye suke so su kalla, ni zan riƙa zagayawa da su bakin kanal in na gama buɗe ruwa. Ina cikin harhaɗa ɗan Turancina a zuci, sai tsohon ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam Mai Ruwa, ina gajiya? Ina iyali?" Ashe ya taɓa koyarwa a ƙasar nan tun kafin mulkin kai. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, har da karin magana. Uwargidan ba ta ji sai gaisuwa, amma ita ke riƙe da kyamara.

Ni da na ji an ce tsuntsaye, na ɗauka za a zo da bindiga, ko aƙalla danƙo. Ashe zama za a yi. Su sami gindin bishiya a bakin kanal, su ɗora madubin hangen nesa a ido, su yi tsit kamar masu sauraren tafsiri. In na yi tari, uwargida ta ɗora yatsa a baki. Belbelar nan da mu ko kallonta ba ma yi, su sai su ɓata rabin safiya a kanta. Ba sa matsawa kusa da sheƙa, ba sa jefa wa komai abinci. Akwai ranar da na ga agwagin dajin nan, kirinjijiya, sun cika wani tafki sun ƙi tashi, sai na ɗauki hoge zan jefa don su tashi uwargida ta sami hoto mai kyau. Tsohon ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar su su ci abincinsu, Malam Mai Ruwa. Mu ne muka zo garinsu." Da ina da hankali, a nan ya kamata in ɗauki darasi. To, ban ɗauka ba.

Abu ɗaya ne ke damun tsohon. Duk lokacin da za mu rabu sai ya ce, "Gauraka fa? Yau ma babu labari?" Ya ba ni labarin yadda, yana saurayi, kafin a haƙa kanal, fadamun nan ke cika da gauraki, su sauka da safe suna rawa, suna tsalle, suna buɗe fiffike. Ya ce shekara da shekaru yana ba matarsa wannan labari, ya yi mata alkawarin sai ta gani da idonta, ga shi ya tsufa, ba ya jin zai sake yin wannan tafiya.

Gaskiyar magana, ni rabona da ganin gauraka a daji tun ina yaro. Amsar da ta dace ita ce, "Babu, ranka ya daɗe." Amma na ji tausayinsa, kuma (bari in faɗi gaskiya tun da na fara) na ji kunyar a ce akwai abin da Mai Ruwa bai san inda yake ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Gauraka? Ai nan ne gidansa. Ka bar mini, kafin ku tafi sai kun gan shi." An ce baki shi ke yanka wuya.

Na san gauraka guda ɗaya tak, kuma ba a daji yake ba. A tsakar gidan Gwaggo Hanne yake, yayar mahaifina. Wani maharbi ne ya kawo wa mijinta, marigayi Malam, tun yana ɗan tsako, an riga an karya masa gaɓar fiffike don kada ya tashi. Malam ya karɓa saboda tausayi. Da Malam ya rasu, tsuntsun nan ya zama abokin hirar Gwaggo. Ita ta sa masa suna Galadima, saboda tafiyarsa ta ƙasaita, yana ɗaga ƙafa a hankali, tukkun nan nasa mai ruwan zinariya yana rangaji, kamar za shi fada. Da safe tana shan koko yana cin gero a gefen tabarmarta, tana ba shi labarin maƙwabta. Yana kuma da wata ɗabi'a: in ɗan gida ne ya shigo, shiru. In baƙo ne, sai ya miƙe wuya ya saki kuka har a ji a bakin titi.

A satin nan Gwaggo ta tafi Bunkure, 'yarta ta haihu. Tana da ɗa namiji, Idi, taubashina, gidansa na manne da nata. Amma a gaban idonsa ta miƙo mini ƙwaryar gero ta ce, "Mai sunan Baba, kai na bar wa amanar Galadima. Idi ko akuyarsa bai iya ba ruwa ba."

Idi ya sosa ƙeya ya ce, "To, Allah ya taya riƙo, amintacce."

Ranar ni ma tafiyar Galadima na yi zuwa gida.

Sai zuciya ta fara yi mini huɗuba. Ai aro ne kawai. Ai ba yanka shi za a yi ba. Ai shi ma zai sha iska, ya ga daji ko sau ɗaya a rayuwarsa. Na zaɓi gonar Idi, don alkamarta ta kai gwiwa, za ta ɓoye duk abin da ke ƙasa, kuma gonar dangi ce, ba mai tambayata, ga shi Idi ba mai sammako ba ne. Na yanko ɗan turke. Igiya kuwa na ga za a hango ta, sai na nemo zaren fatsa, siririn nan mai kama da ruwa. Har yaba wa kaina na yi a kan wannan dabara. Ban tsaya na yi tunanin abin da zare mai kama kifi zai yi wa ƙafar tsuntsu ba.

Ana idar da sallar asuba na shiga gidan Gwaggo. Galadima ya taho da murnarsa, ya ɗauka karin kumallo ne. Na huda buhu, na cusa shi, wuyansa da kansa a waje, na ɗaure a bayan keke. Wanda bai taɓa tuƙa keke da gauraka a baya ba, ba zai gane ba. Yana shure-shure, yana kuka, yana sarar ƙeyata. Na wuce wasu dattawa biyu da ke fitowa daga masallaci, na sunkuyar da kai kamar in na yi haka shi ma ba za a gan shi ba. Na cika aljihu da dawa ina miƙa masa ta baya don ya yi shiru.

A tsakiyar gona na kafa turke, na ɗaure masa ƙafa. Ya ja, zaren ya riƙe. Ya sake ja. Ya dube ni da ido ɗaya, irin kallon da tsuntsu ke yi. Na ce masa, "Haƙuri, yanzun nan za a gama." Na hau keke na nufi ƙofar ruwa, na murɗa ƙarfe kamar kullum, hannu yana aiki, kai yana can wajen baƙi. Ni da ke riƙe da ranar kowa a ka, ni da ke yi wa manomi faɗa in ya manta ranarsa, ban tuna cewa layin su Idi na sakar wa ruwa ba. Ranar ruwa kuwa, ko malalacin gari sammako yake yi.

Na iske baƙi a motar ofis, na sa aka tsaya can nesa, na ce a taka a hankali. Muka lallaɓa muka durƙusa a bayan tudun kanal, daga ƙarshen gona. Da farko ba a ga komai ba, sai alkama. Ashe gajiya ta sa Galadima ya kwanta. Can, daidai lokacin da rana ta leƙo, sai ga kan nan ya taso daga cikin kore, a hankali, tukkun yana ƙyalli, kumatun fari da ja.

Tsohon ya cire hularsa. Ya kama hannun matarsa. Ita kuwa ta ɗaga kyamararta. Ban taɓa ganin murna mai shiru irin wannan ba. Ni ko sai kumbura nake, na raɗa masa, "Ban gaya maka ba?"

Ya ɗora madubi a ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Abin mamaki, shi kaɗai. Gauraka bai cika zama shi kaɗai ba."

Na ce, "Matar na can cikin ciyawa, ranka ya daɗe. Kunya gare ta." (Ƙarya in ta fara haihuwa ba ta yaye.)

A nan ne kunnena ya jiyo wata ƙara da na fi kowa saninta a duniya: shuuu, ruwa na gangarowa cikin kunyoyi. Abin da ya tayar da Galadima ke nan, sanyi ya taɓa masa ciki. Na ɗaga kai na hango can saman gona, mutum ya sunkuya yana jera bututu. Na dubi gonar dama, akwai mutum. Ta hagu, akwai mutum. Sai a lokacin na tuna ranar da muke ciki.

Ƙasar da ta sha ruwa ba ta riƙe turke. Galadima ya waiwayo, ya hango wanda ya yi kwanaki yana ba shi gero. Ya ja sau ɗaya, turken ya tuge. Sai ya nufo mu.

Tsohon ya raɗa, "Kada kowa ya motsa. Ikon Allah, wajenmu yake zuwa!"

Ni kuwa ina ta harararsa, ina girgiza kai, ina roƙonsa a zuci ya yi wa Allah ya juya. Ina! Ya fito daga cikin alkama yana ɗingishi, turke na biye da shi yana tsalle a kan hoge. Ya hau tudu. Ya wuce Bature, ya wuce uwargida da kyamararta, ko kallonsu bai yi ba. Ya zo gabana, ya zura baki cikin aljihuna, ya fara cin dawa.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

Sai ga muryar Idi daga bayanmu, har da tafi. "A'a! Galadima! Ranka ya daɗe, kai ma noman alkama ka fara? Ai da ka yi magana an yanka maka gona!" Ya juyo gare ni. "Amintacce, barka da asuba. Ruwan ma ka sako mana, ga kuma babban baƙo ka kawo mini. Kai, Allah ya bar zumunci."

Kafin ka ce me, duk masu ban ruwa na layin sun baro bututunsu sun taru. Wani ya ce shi ya gan mu da asuba, ya ɗauka aljani ne aka goyo. Wani ya tambayi nawa ne kuɗin mota daga gidan Gwaggo zuwa nan. A nan aka raɗa mini sunan da na gaya muku. Ana ta dariya, har da masu riƙe ciki.

Uwargida ce ta kashe dariyar. Ta ajiye kyamara a ƙasa, ta durƙusa cikin laka, ta kama ƙafar Galadima. Sai a lokacin na duba. Zaren ya nutse cikin fata har ba a ganinsa, jini ya bi ƙafar ya sauka tsakanin yatsu. Duk ja ɗin da ya yi ta yi sanda nake can ina washe baki, zaren yankarsa yake. Ta ciro ɗan almakashi daga jaka ta yanke, ta zare a hankali. Idi ya daina dariya. Ya ce, "Kai, ɗan'uwa," bai ƙara ba, kuma wannan ya fi duk ba'ar da ya yi zafi.

Tsohon bai yi mini faɗa ba. Ya goge tabarau, ya cire rigar sanyinsa ya naɗe tsuntsun, ya tambayi Idi, "Ina gidan mai shi?" Suka shiga mota, Galadima a kan cinyar tsohon. Ni na bi su a keke, da buhu ba kowa a ciki.

Labari ya riga mu. Masu lodin tumatir suka kai shi Bunkure, kafin la'asar sai ga Gwaggo ta sauka, ta baro mai jego. Baƙin nan sun ƙi tafiya, suna zaure suna jiranta. Ta wuce ni a ƙofa kamar ta wuce turmi. Ta sa aka ɗumama ruwa, ta zuba gishiri, ta wanke ciwon, ta shafa man kaɗanya, ta naɗe da tsumma. Duk tana yi tana magana da shi. "Sannu, Galadima. Sannu. An kai ka aikin gwamnati ba albashi."

Sannan ta ce a shigo da baƙi, ita tsohuwa ce. Tsohon ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya ce, "Gwaggo, haƙuri na zo ba ki. Rabin laifin nan nawa ne. Kullum ina tambayar yaron nan, kullum. Baƙon da ya nace sai ya ga abin da babu, wata rana ƙera masa za a yi."

Gwaggo ta ce, "Haka ne. Amma rabin da ya rage ma kaya ne, ya ishi mutum ɗaya."

Ba ta kalle ni ba. Ba sai ta kalla ba.

Tsohon ya tambaye ta ina gaurakin da ya sani suka tafi. Ta ce, "Fadama ta zama gona, ga ɗaya. Sannan kowane mai hali yana so ya ga nasa a tsakar gida. Masu kamawa kuwa ba babba suke bi ba, 'ya'yan suke kwashewa. Wannan ma da haka ya zo mana. Har Malam ya rasu yana cewa da ana mayar da fiffike, da ya mayar masa." Sannan ta ce, "In hoton take so, ta ɗauka, tun da ta sha hanya."

Ya fassara wa matarsa. Ta dubi tsuntsun, ta dubi tsumman da ke ƙafarsa, ta rufe kyamararta ta sa a jaka. Ya ce, "Ta ce ta gan shi, ya ishe ta."

Da suka tafi na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni na yafe, mai sunan Baba. Amma ba ƙafata ka ɗaure ba." Ta ɗauki ƙwaryar gero ta miƙa wa Idi, don gobe za ta koma wajen mai jego. Idi ya karɓa da hannu biyu. Abin da ya ba ni mamaki, bai ce komai ba. Sai da muka fita waje ya rama, kuma har yau bai gama ramawa ba.

Ciwon ya warke, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Tafiyar ƙasaitar nan da ta sa aka ba shi sarauta ta tafi, sai ɗingishi. Gwaggo ba ta sake tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ba ta buƙata, don Galadima ya ɗauke mata. Daga ranar, duk sanda na sa ƙafa a gidan, sai ya miƙe wuya ya saki kukan nan da yake yi wa baƙi. Na kawo masa gero, na kawo fara, na kawo gyaɗa, bai sake ci a hannuna ba. Da salla, dangi sun cika gida, kowa ya shigo shiru, ni ina yin sallama sai a ji shela har bakin titi. Haka muka zauna da shi shekaru, har ya mutu.

Bayan su na zagaya da wasu baƙin, don an riƙa turo mini su. Duk wanda ya tambaye ni gauraka, sai in ce, "Babu. Da akwai, yanzu babu." Wasu su yi shiru, wasu su tambayi dalili in gaya musu abin da Gwaggo ta faɗa. Ba wanda ya taɓa zagina, ba wanda ya mutu. Mu zauna a gindin bishiya mu kalli belbela, kuma na gano ita ma in ka daɗe kana kallonta tana da abin kallo.

Abin da na koya bai da yawa. Kalmar "babu" ba ta da nauyin da nake zato, ta fi gauraka sauƙin ɗauka a keke. Dabba kuma, ko ba ta da bakin kai ƙara, ba ta manta wanda ya ɗaure ta. In kuwa duk da haka zuciyarka ta nace sai ka yi ƙarya a gonar rani, to, ga shawarar tsohon Mai Ruwa kyauta: ka fara tambaya yau ranar ruwan wa ce.